Rage Tuwo Ba Tare da Gyara Allurar Insulin Ba Haɗari Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi masu ciwon sukari da ke yin allurar insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, a nan Jos da sauran garuruwanmu. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne, kuma ko da yake na ajiye aiki, har yanzu mutanen unguwa kan tare ni da katin asibiti da tambayoyi. Tambayar da ta fi yawa a 'yan shekarun nan ita ce ta barin tuwo da shinkafa da burodi, domin shawarar rage abinci mai sitaci ta bazu a WhatsApp da Facebook da majalisun hira, har ta kai ga kusan kowane gida mai majinyaci ya ji ta. Abin da bai bazu tare da ita ba shi ne gargaɗin da ya kamata ya raka ta, wato duk wanda ke yin insulin, idan ya rage sitaci, wajibi ne a sake duba yawan allurarsa a daidai wannan lokacin, ba bayan wata guda ba.

Ba na cikin masu kushe wannan tsarin cin abinci. Sitaci, wanda likitoci ke kira kabohaidiret, shi ne ɓangaren abinci da ya fi saurin komawa sukari a cikin jini, saboda haka rage shi yana rage hawan sukari bayan cin abinci. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, takura abinci ne kusan kawai abin da likitoci ke da shi a hannu. A 2019 ma ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta bayyana cewa rage sitaci na daga cikin tsare-tsaren abinci da suka fi samun hujja wajen daidaita sukarin jini. Galibi ana kiran tsari da mai ƙarancin sitaci idan abin da mutum ke ci a yini bai kai giram 130 ba, wasu kuma kan sauka har zuwa tsakanin giram 20 da 50. Akwai hikima guda a cikinsa da ta fi burge ni: idan sitacin kaɗan ne, allurar da za ta tare shi ma kaɗan ce, kuma kuskuren lissafi a kan ƙaramar allura bai kai kuskure a kan babba illa ba. Amma wannan amfanin yana samuwa ne kawai idan an rage allurar da gaske.

Matsalarmu a nan ita ce irin insulin ɗin da akasarin mutanenmu ke amfani da shi. Saboda sauƙin kuɗi da sauƙin samu, yawancin majinyata suna kan gaurayayye ne, irin su Mixtard 30 ko Humulin 70/30, wanda ake yi sau biyu a rana, kafin karin kumallo da kafin abincin dare. A cikin kwalba ɗaya an haɗa iri biyu: kashi 30 cikin 100 mai saurin aiki ne, wanda yake farawa bayan kamar minti 30 ya kai ƙarfinsa cikin awa biyu zuwa huɗu, sai kashi 70 mai jinkiri, wanda ƙarfinsa ke zuwa sa'o'i da dama bayan haka. Likitan da ya rubuta, a misali, yunit 20 da safe, ya rubuta ne bisa tsammanin mutumin zai karya da koko ko burodi, kuma zai ci shinkafa ko tuwo da rana, domin ɓangaren mai jinkiri na allurar safe shi ne ke jiran abincin rana. Haka nan ɓangaren mai jinkiri na allurar magariba yana kaiwa ƙarfinsa ne tsakanin tsakar dare da asuba, lokacin da mutum ke barci, babu mai ganin halin da yake ciki.

To a duba abin da ke faruwa idan mutum ya sauya abinci dare ɗaya. Yanka huɗu na burodi suna ɗauke da sitaci kimanin giram 50 zuwa 60, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kuma kimanin giram 45, alhali mun san babu magidancin da ke tsayawa a kofi ɗaya. Idan ya maye gurbin burodin da ƙwai biyu da kabeji, sitacin karin kumallonsa ya faɗo ƙasa da giram 10, amma yunit 20 ɗin nan sun riga sun shiga jiki, kuma babu hanyar fitar da su. Abinci da allura kamar mangalar jaki suke, idan aka sauke kayan gefe ɗaya aka bar ɗayan cike, dole lodin ya kife. Insulin ɗin da bai sami sukarin abinci ba zai kama wanda ke cikin jini ya yi ta janyewa, har ya kai ƙwaƙwalwa ta rasa abin da take aiki da shi. Kuma ba a iya rage ɓangaren mai sauri a bar mai jinkiri a cikin gaurayayyen insulin, tunda a haɗe suke, wanda shi ne dalilin da ya sa likitoci kan fi son mayar da mai son wannan tsari kan allura biyu daban, wato mai dogon zango irin su Lantus ko Insulatard, da ta lokacin cin abinci irin su Actrapid ko NovoRapid, domin a iya taɓa kowacce ita kaɗai.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, mai sayar da kayan miya, wadda ɗanta ya turo mata wannan shawara daga Abuja da kyakkyawar niyya. Ta bar tuwon dare, ta koma miyar ganye da kifi, allurarta kuwa tana nan yadda take. Ba a daɗe ba ta fara farkawa cikin dare jiƙe da gumi duk da sanyin Jos, da ciwon kai da safe, wata rana kuma aka same ta tana surutai marasa kan gado. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, aka yi ta tofi da hayaƙi kafin wani ya tuna da na'urar gwaji. Sukarinta ya yi ƙasa ƙwarai. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da ta koma asibiti, faɗa aka yi mata a kan bin maganar waya, aka ce ta koma cin tuwonta, ba wanda ya zauna ya tambaye ta me take ci yanzu domin a daidaita allurar da shi, alhali nauyinta ya fara raguwa kuma ita kanta tana son tsarin.

Ya kamata kowane gida mai majinyaci ya haddace alamomin faɗuwar sukari: karkarwa, gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, yunwa mai tsanani, jiri, saurin fushi, ruɗewa, daga ƙarshe suma ko farfaɗiya. A na'ura, duk abin da ya sauka ƙasa da 70 faɗuwa ce, ƙasa da 54 kuwa haɗari ne sosai. Wasu na'urori da ɗakunan gwaji suna amfani da wani ma'auni daban, inda 70 take daidai da 3.9, 54 kuma 3.0, kuma ana samun wannan ne ta hanyar raba lambar farko da 18. Maganin gaggawa shi ne sukari mai saurin shiga jini kimanin giram 15, wato babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko ƙwayar sukari ta kwali uku zuwa huɗu, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo mai zaƙi, sannan a jira minti 15 a sake gwadawa, idan bai hau ba a maimaita. Na ga masu bin tsarin rage sitaci suna ƙin shan sukari a wannan hali don kada su karya doka, sai su ɗauki gyaɗa ko nama. Wannan kuskure ne babba, domin gyaɗa da nama ba sa ɗaga sukari da saurin da ake buƙata. A wannan lokacin sukari magani ne, kuma ya kamata ya kasance a aljihu da gefen gado da cikin mota. Idan mutum ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti mafi kusa a gaya musu yana kan insulin. A sani kuma cewa hanta tana ajiye sukari don irin wannan rana, ajiyar kuwa takan ragu ga wanda ya daɗe yana cin sitaci kaɗan.

Akwai kuskure na biyu da ke kishiyantar wannan, kuma shi ma yana kisa. Wasu da suka ga sukarinsu ya yi kyau bayan rage abinci sai su yanke hukuncin cewa sun warke, su ajiye allura gaba ɗaya. Mai nau'i na biyu na ciwon, wanda jikinsa ke samar da insulin ko da bai isa ba, yana iya kaiwa matsayin da likita zai rage masa allura ƙwarai ko ma ya dakatar da ita. Mai nau'i na ɗaya kuwa, wanda galibi kan fara tun yarinta ko samartaka, jikinsa ba ya samar da insulin, kuma ko bai ci komai ba hantarsa na ci gaba da zuba sukari cikin jini dare da rana. Idan ya bar allura mai dogon zango, jiki zai shiga ƙona kitse ba kan gado, wani sinadari mai suna kiton ya taru har jini ya yi tsami, abin da kan iya kai mutum ga halaka cikin kwana ɗaya ko biyu. Amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari da numfashi mai zurfi da sauri su ne alamominsa, kuma ba a jinyarsa a gida. Masu shan sababbin ƙwayoyin nan da ke fitar da sukari ta fitsari, irin su empagliflozin da dapagliflozin, suna iya faɗawa wannan hali idan suka tsananta rage sitaci, ko da na'ura tana nuna sukarinsu bai hau sosai ba. Masu shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, su kuma haɗarinsu na faɗuwar sukari ne, kamar masu allura.

Wani zai ce ya rage sitaci, an kuma gyara masa allura, amma har yanzu sukarin na hawa da sauka. Dalili na farko da nake yawan gani shi ne mutum yana zaton ya rage alhali sauya suna kawai ya yi. A nan Filato an ɗauki acca a matsayin abincin masu ciwon sukari, wasu kuma sun koma tuwon alkama, suna cin malmala biyu da kwanciyar hankali. Acca hatsi ce mai albarka, amma sitaci ce, haka alkama, haka dankalin turawan da ake kawo mana daga Bokkos da Mangu, haka gwaten da aka cika wa tsaki. Wake da alala da ƙosai suna ɗaga sukari a hankali, amma suna ɗagawa. Dalili na biyu shi ne rashin tsayawa a kan ma'auni guda: yau ganye da ƙwai, gobe biki ko suna a ci waina da shinkafa, jibi a rama da yunwa. Allurar da aka tsayar a kan adadi ɗaya ba za ta iya bin wannan tsalle ba. A ganina, wanda ya rage tuwonsa zuwa rabi ya dawwama a haka kullum, a lokaci guda, ya fi wanda ya bar tuwo kwata-kwata kwana huɗu ya dawo masa a na biyar samun kwanciyar sukari.

Sannan nama da mai suna da nasu tasirin, wanda ba a cika faɗa wa majinyata ba. Wanda ya ci tsire ko balangu mai yawa da dare zai iya gwadawa bayan awa ɗaya ya ga lamba mai kyau, amma bayan awa uku zuwa biyar sukarin ya taso, domin jiki na mayar da wani ɓangare na furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, ya koma sukari, maiƙo kuma yana jinkirta narkewar abinci tare da rage wa insulin kaifi. Idan ya yi allura mai saurin aiki kafin irin wannan abinci, ƙarfinta zai riga abincin isowa, sukari ya faɗi da farko, ya hau daga baya bayan allurar ta ƙare. Ga kuma hawan asuba, wanda sinadaran jiki ke jawowa gab da wayewar gari ko da mutum bai ci komai ba. Wanda ya ga lamba mai yawa da safe kada ya yi gaggawar ƙara allurar dare, sai ya tashi wajen ƙarfe biyu ko uku na dare ya gwada na 'yan kwanaki, domin ya tabbatar sukarin ba faɗuwa yake yi cikin barci ba. Haka kuma duk wanda ya ga sukari ya hau ya ƙara allura, bayan awa ɗaya ya sake ƙarawa don bai ga sauyi ba, yana tara wa kansa allura a kan allura, tunda Actrapid kan kai awa takwas tana aiki.

Wasu dalilan ba su da alaƙa da kwanon abinci ko kaɗan. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon haƙori, gyambo a ƙafa da tashin hankali duk suna ɗaga sukari, haka magunguna irin su dexamethasone da prednisolone da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Aikin gona ko doguwar tafiya a ƙasa suna sauke shi, wani lokaci har cikin daren da ya biyo baya, giya da burkutu ma haka. Yin allura a wuri ɗaya kullum yana haifar da kumburin kitse a ƙarƙashin fata, inda maganin ke shiga yau da sauri gobe da jinkiri. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji tsakanin digiri 2 da 8, wadda aka buɗe kuma ana amfani da ita kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi nesa da rana, kuma wadda ta daskare ta lalace. Mu a Jos Allah ya sauƙaƙa mana zafi, amma matafiyi zuwa Abuja ko Lafiya kada ya bar ta a gaban mota. A duba sirinji ma: idan insulin ɗin mai lamba 100 ne aka zuƙe shi da sirinji mai lamba 40, abin da ya shiga jiki ya ninka abin da ake nufi sau biyu da rabi.

Duk wannan ba ya warwaruwa sai da gwaji, kuma na san tsinken gwaji, wato wanda ake ɗiga wa jini a sa a na'ura, ya yi tsada, musamman tun faɗuwar darajar naira a 2023. Shawarata ga wanda ƙarfinsa bai kai ba ita ce ya tara tsinkensa domin makonni biyun farko na sauya abinci, lokacin da haɗarin ya fi yawa, ya riƙa gwadawa da asuba, kafin cin abinci, awa biyu bayansa, da kafin kwanciya. Daga baya yana iya juya lokutan, yau safe da rana, gobe yamma da dare. Ya sami littafi ya riƙa rubuta lokaci, lambar da ya gani, abin da ya ci da yawansa, da yunit ɗin da ya yi. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayansa, ko da yake ana sassauta wa tsofaffi da masu yawan faɗuwar sukari. Likitoci ba sa sauya allura saboda lamba ɗaya mai yawa, sukan duba abin da ya maimaitu kwana uku, su taɓa allura ɗaya a lokaci guda, da ɗan ƙaramin adadi, amma faɗuwar sukari ko sau ɗaya ce ta isa a koma wurinsu ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, don haka adadin da ya yi wa maƙwabci daidai ba hujja ba ne ga kowa.

Masu ciwon ƙoda, mata masu juna biyu da yara masu tasowa kada su shiga wannan tsari sai da sahalewar ƙwararre, domin yawan nama na iya yi wa ƙoda mai rauni nauyi, insulin kuma yakan daɗe a jikin mai ciwon ƙoda fiye da yadda aka saba. Mai azumi, na Ramadan ne ko na coci, ya ga likita tun kafin lokacin ya zo, kuma ƙa'idar da masana suka bayar ita ce a karya azumi idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Kirana na musamman ga abokan aikina ne, likitoci da ma'aikatan jinya da masana abinci. Mutane za su ci gaba da rage sitaci ko mun yarda ko ba mu yarda ba, kuma idan majinyaci ya san faɗa zai sha, zai ɓoye abin da yake yi, ya ci gaba da tsohuwar allura a kan sabon abinci. Tambaya ɗaya a kowace ganawa, wato me ka ci jiya daga safe zuwa dare, za ta tsare rayuka da dama. Garinmu yana da abin da wasu garuruwa ba su da shi: kabeji da latas da kokwamba da koren wake da tumatir suna cike a kasuwar Farin Gada, ga zogale da alayyahu da yakuwa da kuɓewa, ga awara da ƙwai da gyaɗa da kindirmo. Muna kuma da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da na Bingham da muke kira Jankwano. Ina ganin masana abinci na waɗannan asibitoci za su iya haɗuwa su fitar da takarda guda cikin Hausa, mai nuna yawan sitacin da ke cikin malmalar tuwon masara, da ludayin koko, da dunƙulen fura, da waina ɗaya, da ma'aunin da uwargida ke gane wa a madafinta, a raba ta a ɗakunan ganin likita da ƙananan asibitocin unguwanni. Ina kuma roƙon hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, da ta ƙasa, su ɗauki tsinken gwaji da muhimmancin da suke ba insulin ɗin kansa, tunda ba a iya daidaita allura ba tare da shi ba.

Kai kuma, Malam Edita, ina fatan za ka gayyato ƙwararren likitan ciwon sukari da masanin abinci su riƙa amsa tambayoyin masu karatu a shafin lafiya na wannan jarida, musamman kafin azumi da lokutan bukukuwa. Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Anguwan Rogo, Jos.